Ƙwallaye bakwai, buri ɗaya: tambayar da daragon ɗin Japan ke yi wa 'ya'yanmu a Malanville

Da wuya ka samu yaro a Malanville da ya san sunan Akira Toriyama. Amma ɗauki littafin rubutun duk wanda ka ga dama a lakwal, ka juya shafin ƙarshe, za ka tarar da wani saurayi mai gashi tsaye cirko-cirko kamar ƙayar bushiya, ya haɗa tafin hannu zai harba wuta. Sangoku ke nan, kamar yadda fassarar Faransanci ta koya mana kiransa. Toriyama ne ya ƙirƙire shi a 1984 a mujallar Weekly Shonen Jump, ya yi ta zana labarinsa har 1995, littafi 42. Da mutumin ya mutu ranar 1 ga Maris 2024 yana da shekara 68, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi ta'aziyya, ma'aikatar harkokin wajen Sin ma ta yi. Mai zanen 'yar tsana fa!

Mu da muka haura talatin a gidan kallo muka san Dragon Ball. Dala biyar kake ba mai ƙofa, ka zauna a benci cikin zafi da warin zufa, kaset na juyawa. Ta Faransa ya biyo ya iso mana, don tun 1988 tashar TF1 ke nuna shi a shirin yara na Club Dorothée, shi ya sa har yau ba ma cewa Goku sai Sangoku, ba ma cewa Shenron sai dragon sacré. Yaran yanzu ba ruwansu da benci. Ana zuba musu shi a katin waya a bakin kasuwa, su lafe bayan ɗaki su biyar a kan waya ɗaya.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, ga gundarin labarin. Akwai ƙwallaye bakwai masu ruwan lemo, kowace da taurari a cikinta, daga ɗaya zuwa bakwai, a warwatse a faɗin duniya. Wanda ya haɗa su wuri guda ya yi kira, sai gari ya yi duhu ko da rana tsaka ce, wani ƙaton halitta mai jikin maciji, kore, da ƙaho da gashin baki da jajayen idanu, ya cika sararin sama. Zai ce ka faɗi buƙatarka, guda ɗaya tak. Yana biya maka ita sai ya ɓace, ƙwallayen su sake tarwatsewa, su koma duwatsu har shekara guda. Dambe da ihu da sauya launin gashi da yara ke haukacewa a kai duk daga baya suka yi yawa. Asalin abin tambaya ce: in an ba ka dama ɗaya, me za ka roƙa?

Kafin mu je can, wace irin dabba ce wannan? Hausa ba ta da sunanta. In na ce dodo, kunnenmu zai tafi ga Dodon tatsuniya mai haɗiye mutane, wanda Auta ke kashewa. In na ce maciji, sai a tuna Sarki, macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya zo ya sare masa kai. Wannan macijin namu ya fi kama da daragon ɗin Turawa, mugu mai tsare dukiya, wanda jarumi ke kashewa ya auri gimbiya. Na mutanen Sin daban ne. Galibi girmama shi ake yi. Shi ne mai ruwa a tatsuniyoyinsu: ruwan sama, koguna, tekuna huɗu kowace da sarkin daragon ɗinta, har sarakunansu suka mai da shi tambarin sarauta. Sunan Shenron ma daga Shenlong ne, wanda suke cewa yana juya iska da ruwan sama. Sau da yawa a zanensu za ka gan shi yana bin wani lu'ulu'u ko yana riƙe da shi a farce, addinin Buda kuma yana da nasa labarin dutse mai daraja da ke cika buri. Toriyama ya ɗebo nan ya ɗebo can. Sangoku kansa ya samo shi ne daga Sarkin Birai na wani tsohon littafin Sin na ƙarni na 16, labarin tafiya zuwa yamma neman littattafan addini.

Mu da ke zaune a bakin Kwara wannan bai kamata ya zame mana baƙo ba. Maƙwabtanmu Dandawa da Zabarmawa, musamman Sarkawa masunta, suna da tsohon labarin Harakoy Dikko, wadda kakanninsu suka ɗauka ita ce mai kogin. Maguzawan ƙasar Hausa sun yi imani da Gajimare, macijin da ke zaune a rijiya ya tashi sama ya zama bakan gizo, har ana kiransa masha-ruwa. Ka gangara kudu, Fon suna da Dan, macijin bakan gizo, a Wida kuma har yau akwai ɗakin tsafin mesa da masu yawon buɗe ido ke zuwa gani. Musulunci ya raba mu da bautar waɗannan, alhamdu lillahi. Abin lura dai shi ne, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, da suka zauna suna tunanin wa ke riƙe da ruwa, duk sai suka zana masa dogon jiki mai lanƙwasa irin na kogi. Miyazaki ya yi wannan a fili a fim ɗinsa na 2001, wanda muka sani da Le Voyage de Chihiro: farin daragon ɗin ciki ruhin wani kogi ne da aka cike aka gina gidaje a kansa, har ya manta sunansa.

To, buri fa? A nan ne nake ganin manya da yawa sun raina Toriyama ba su san shi ba. Mutumin ɗan barkwanci ne, kuma abin da ya fi yi wa dariya shi ne burin mutane. Karon farko da aka kira Shenron, wani ɗan guntun sarki mai suna Pilaf ne ya tara ƙwallayen, yana son mulkin duniya baki ɗaya. Ya buɗe baki ke nan sai Oolong, wani alade mai rikiɗa, ya riga shi, ya ƙwala ihu ya roƙi wani ɗan ƙyallen mata da kunya ba za ta bar ni in rubuta sunansa a nan ba. Daragon bai yi musu ba, ya jeho masa daga sama ya tafi abinsa. An ceci duniya da buƙatar banza. Bulma, yarinyar da ta fara neman ƙwallayen, saurayi take son roƙa. Yamcha, ɗan fashin hamada, so yake a cire masa tsoron mata. Ba wanda ya samu damar roƙo a cikinsu, sai suka waiwaya suka ga ai a kan hanya sun riga sun samu juna.

Wanda ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne kwamandan rundunar Red Ribbon. Ya tara sojoji da jiragen yaƙi, an kashe mutane ba adadi, duk mabiyansa na zaton mulkin duniya yake nema. Ashe gajere ne, tsawo yake so a ƙara masa. Da mataimakinsa ya ji haka, harsashi ya ɗirka masa a ka. Shekaru talatin da ɗoriya bayan nan, a fim ɗin Broly na 2018, Toriyama ya maimaita wasan: Freezer, azzalumin da ya taɓa neman rai madawwami, yanzu santimita 5 yake son ƙari, Bulma kuma shekara 5 take so a rage mata, kaɗan-kaɗan don kada mutane su gane. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai mulki ko mai kuɗi ya san wannan ba tatsuniya ba ce zalla. Sau nawa ake tayar da gari tsaye saboda wani abu ƙarami da ke ci wa mutum ɗaya tuwo a ƙwarya?

Sangoku kuwa ba ya roƙa wa kansa. Ƙwallo mai taurari huɗu yake nema, don ita ce abin da kakansa ya bar masa. Da ya tara bakwai ɗin, mahaifin wani yaro mai suna Upa, wanda aka kashe a gabansa, shi aka roƙa a dawo da shi. A Dragon Ball Super ma, wanda ya ci gasar ƙarshe ya yi niyyar roƙon jirgin ruwa ne don ya zaga da iyalinsa, da lokaci ya yi sai ya roƙi a maido da duniyoyin abokan hamayya da aka shafe.

A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 na ba 'yan ajina na CM2 wannan tambayar a darasin insha'i. Ban ambaci daragon ba, na ce kawai an ba ka buƙata ɗaya, rubuta ta ka faɗi dalili. Su da kansu suka yi ta raɗa suna cewa Shenron. Mai karatu zai tuna irin shekarar da muke ciki. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, kaya na lalacewa a ciki, direbobi na kwana a ƙarƙashin mota. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, kwantenoni suna nan gicciye a ɓangaren Nijar. Garin da kasuwarsa ke bin Dantokpa ta Kwatano a girma, kuma cinikinsa da yawa da ƙetaren kogi yake yi, ka san abin da wannan ke nufi a tukunyar gida.

Akwai masu son mota, akwai mai son zama ɗan ƙwallo a Turai, akwai wayayyen da ya roƙi a ba shi buƙatu dubu, irin wayon da kowane aji ke da mai shi. Da yawa sun rubuta a kai iyayensu Makka. Amma gada ta fi fitowa. A buɗe gada, baba ya koma aiki. A buɗe gada, mu je wurin kaka a Gaya ba tare da inna ta yi ta salati a cikin jirgi ba. Da na karanta wasu a fili, ba tare da suna ba, aji ya yi ta tafi. Sai wani yaro da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce, Mushe, ni ba na so a buɗe. Aka yi masa ca. Na tsawatar, na ce ya faɗi dalili. Ya ce babansa jirgin ruwa yake tuƙawa, tun da aka rufe gada ne suka fara cin abinci sau uku, har aka saya masa takalmi.

Ajin ya yi tsit. Yaron nan bai karanta falsafa ba, amma ya taɓo abin da Shenron bai taɓa tambaya ba: in na biya maka, wa zai yi asara? Wata yarinya 'yar masu awo ta ƙara nata, ta ce wa masu roƙon kuɗi in kowa a Malanville ya wayi gari da miliyan ɗari, wa zai yi dako, kuma nawa za a sayar da tiyar shinkafa? Haka ruwa yake. Manomin gero a kan tudu yana roƙon sama ta ƙara, wanda gidansa ke bakin kogi a nan ko a Karimama yana kallon Kwara na hawa yana roƙon ta tsaya. Gari ɗaya, masallaci ɗaya, sahu ɗaya. Daragon na jin muryar wanda ya riga tara ƙwallaye ne kawai, ko wanda ya riga buɗe baki, ko da alade ne.

Yanzu ga inda iyaye ke da gaskiya, don wasu sun same ni a kan wannan zane, kuma ban ɗauki damuwarsu wasa ba. A fassarar Faransanci, tsohon da ya ƙera ƙwallayen ana kiransa Tout-Puissant, wato mai iko duka, sunan da mu Allah kaɗai muke ba. Ana nuna lahira da ofis da layi da mai hatimi. Mafi nauyi, ana ta da matattu. Krilin, abokin Sangoku, ya mutu ya dawo, ya sake mutuwa ya sake dawowa, har mutuwa ta zama kamar zuwa Kandi a dawo. Yaro ɗan shekara bakwai da aka fita da gawar mahaifiyarsa jiya, me wannan ke gaya masa? Ni kaina wannan ɓangaren ba ya kwanta mini. Masu shirin ma sun ji abin ya yi yawa, don a Dragon Ball GT sun kawo cewa yawan roƙon ya tara mugunta a cikin ƙwallayen har suka tsage, miyagun daragon bakwai suka fito, kowane daga wata buƙata da aka taɓa biya.

Akwai kuma wata damuwar da ta fi ta aƙida kusa da ƙofar gida. Tunanin cewa akwai wata ƙofa guda da in ka ƙwanƙwasa komai ya warware, shi ne ke kai saurayi ya zuba kuɗin cinikin ubansa a cacar ƙwallo ta waya. Shi ne ya kai wasu 'yan damfarar intanet, waɗanda a ƙasar nan ake kira gayman, wurin matsafa, har aka yi ta maganar kinninsi da kashe-kashen tsafi a kudu a 2018. Sai dai ban yarda Sangoku ne ya koya musu ba. Wannan yaron ƙarfinsa duk daga wahala ya same shi: rabon madara da gudu tun asuba, noma da hannu, ɗaukar ƙoƙon kunkuru mai nauyi a baya wata da watanni. Ba a taɓa nuna ya roƙi daragon ƙarfi ba. Mu ma ai muna da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934, da Dare Dubu da Ɗaya mai aljanu a cikin tulu, ba wanda ya ce su suka lalata kakanninmu.

Fatawa aikin malamai ce. Abin da nake cewa a matsayin mai riƙe alli shi ne, tambayar buri ɗaya tamu ce tun kafin a haifi Toriyama, kuma amsarmu ta fi tasa zurfi, sai dai ba ma gaya wa yara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane annabi an ba shi addu'a guda karɓaɓɓiya, kowa ya yi tasa, Manzon Allah (SAW) kuwa ya ajiye tasa don ceton al'ummarsa ranar ƙiyama. Dubi rayuwar da aka yi da wannan addu'ar a ajiye: jifan Ɗa'ifa, raunin Uhudu, yunwar Handaƙu, rasuwar 'ya'ya shida cikin bakwai yana raye. Da na ba 'yan ajina wannan, wanda ya roƙi buƙatu dubu ne ya fara tambaya, wai Mushe, ko ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu bai yi amfani da ita ba?

Ga kuma Rabi'atu ɗan Ka'ab, saurayi matalauci da ke kawo wa Annabi ruwan alwala da dare. Aka ce masa ya roƙi abin da yake so. A wata ruwayar ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani tukuna, Shenron kuwa kullum gaggawa yake sa mutane. Da ya dawo, zama tare da Annabi a Aljanna ya nema. Aka tambaye shi ko akwai wani abin, ya ce shi ke nan. Amsar da ya samu ita ce ya taimaka da yawan sujada. Wato ko a nan ba a jeho masa daga sama ba, an haɗa shi da aiki. Nana A'isha ma da ta tambayi abin da za ta roƙa in ta dace da Lailatul Ƙadari, afuwa aka nuna mata.

Bambancin da nake ƙoƙarin sa yara su gani shi ne, daragon bawa ne. Ba shi da ilimin abin da zai amfane ka, ƙarfinsa bai wuce na wanda ya ƙera shi ba, ba ya biyan buƙata iri ɗaya sau biyu, har kashe shi an taɓa yi, lokacin da tsohon Piccolo ya karɓi ƙuruciyarsa ya juya ya harbe shi don kada wani ya roƙa bayansa. Addu'a kuwa ana kai ta ne ga wanda ya san mai jirgi ya san direba, ya san na tudu ya san na bakin kogi. An koya mana cewa ko a ba ka abin da ka roƙa, ko a ajiye maka shi, ko a tunkuɗe maka wani sharri da shi. Babu ƙwallon da za ka tara, babu jiran shekara, kuma ba a ce guda ɗaya ba. Yaron da ya fahimci wannan zai kalli Shenron yadda muke sauraron Gizo da Ƙoƙi, ya yi dariya ya tashi ya yi alwala.

Wanda kuma ke ganin ƙwace waya ko kashe tele zai raba ɗansa da wannan halitta, ga labari. Makonni kaɗan bayan mutuwar Toriyama, a watan Maris ɗin 2024, Saudiyya ta ba da sanarwar gina filin wasa na Dragon Ball a Qiddiya, kusa da Riyad, na farko irinsa a duniya, faɗinsa ya haura murabba'in mita dubu 500. A tsakiyarsa za a kafa Shenron mai tsawon mita 70, da jirgin lilo yana ratsawa ta cikinsa. Shi wannan sai ka yanki tikiti kafin ka tsaya a gabansa.